Ƙwaryar Tsakiyar Tabarma

Kubura ba ta iya ajiye wa mutum abinci haka kawai. Ko ɗumame ne sai ta goge bakin akushi, ta zaɓi faifan da launinsa ya dace, ta juya shi yadda adon zai fuskanci mai ci. Mijinta Arzika yakan ce wa maƙwabta in aka wayi gari yunwa ta kashe shi a bincika, za a tarar matarsa tana ɗaki tana neman murfi. Bayan shekarar yunwa ya daina wannan wasan, don ba wanda yake dariyarsa kuma.

Suna zaune a wata unguwa yamma da Aujara, shekara goma da 'yan kai bayan Nasara sun ci Kano. Daminar da ta kawo ƙarshen yunwar ta yi kyau, sai kuma Cika-ciki ya faɗo daidai lokacin yankan dawa. Mutanen da suka yi watanni suna cin dusa da ganye suka ga ranar da al'ada ta ce kowa ya ci ya ƙoshi ta zo musu da sabon hatsi a gida, don haka kowace mace ta ɗaura ɗamara.

Gonar Arzika ce ba ta shiga wannan murna sosai ba. Gonar gado ce a kan jigawa, kuma ta gaji. Ruwa ya sauka mata kamar ta kowa, amma zangarniyar da ta bayar ba ta fi tafin hannun yaro ba. Maganinta ɗaya ne, shanu su kwana a kanta rani guda. A da ba a roƙon wannan, Fulani ne ma suke zuwa neman kara. Amma fari ya cinye garkuna, kuma a duk yankin garke ɗaya ne ya dawo da ƙafarsa, na wani bafulatani mai suna Bubayero. Manoma suka yi masa caa. Ɗanmusa, maƙwabcin Arzika, har ya riga ya aika masa da damin dawa, ga shi kuma da rijiya a bakin gona. Arzika ba shi da rijiya, ba shi da damin kyauta. Ya san in shanun nan suka wuce shi, baɗi sai dai ya bar gonar ubansa ya tafi Kano dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgi, kamar yadda wasu suka fara yi.

Abin da ya rage masa shi ne girkin matarsa. Ya je ruga ya gayyaci Bubayero da iyalinsa cin abincin Cika-ciki bayan la'asar, yadda za su koma kafin tatsar yamma. Da ya dawo ya zauna a bakin murhu ya ce, "Bubayero saurare kawai yake yi. Tsohuwarsa ce take cewa a sauka ko a wuce. Ni zan ji da shi a zaure, ita kuwa na bar miki."

"Kawo ta dai, Malam," in ji Kubura.

Ta fara da kaba. Ta rina wata ja da karan dafi, wata rawaya da gangamau, wata baƙa da bagaruwa, ta shanya su a kan danga, ta saƙa sababbin faya-fayai. Ta shafe bangon rumfarta da farar ƙasa. Ta je gidan yayarta ta ari zangarniyoyi masu kyau, kaura da farafara da gero mai tsawo, ta jiƙa wuyansu don kada su karye, ta tufke su launi bayan launi har suka zama kamar gammo babba. Arzika ya tsaya a kanta yana kallo ya ce, "Yanzu in suka ga waɗannan ai sai su ce gonar ba ta bukatar shanu."

"Ba wanda zai sauka a gidan da ya ga tsiya a fili," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Ta soke jan barkono a zare. Ta wanke 'yan ƙananan kabewa da gauta ta goge su da ɗan man gyaɗa har suna ƙyalli. Ta tsinko auduga da ta fashe, da zoɓo jajir, da ɗan dabinon Dutse da ƙaninta ya kawo mata, wanda ta ɓoye wa Arzika a cikin tukunyar da ba ya buɗewa. Mazan zaure kuwa ta ɗaure musu ɗan dami ta tsayar da shi a tsakiyar buzu, ta kewaye shi da gauta, ta ce wannan ya ishe su, tunda maza tuwo suke gani. Aikin gaske na tabarmar mata ne.

A tsakiyar tabarmar za ta sa ƙwaryar da ta fi so a duk jerenta. Ƙwarya ce ta Fulani, babba, an sassaƙa mata ado tun daga baki har gindi, an cusa baƙin tukunya da man shanu a cikin sassaƙar har ta yi duhu, jikinta kuma ya yi santsi saboda hannu. Aibinta ɗaya ne, ta taɓa tsagewa a gefe an ɗinke ta. Kubura ta ɗora ta a kan gammon zangarniya, ta cika ta da auduga da dabino da barkono, ta juya ɗinkin baya, ta sako reshen zoɓo ya rufe shi. Ta ja da baya ta duba, ta gyara gauta ɗaya, ta sake dubawa. Ta yi tunanin babu abin da zai faranta ran bafulatana kamar ta ga an girmama aikin mutanenta.

Ragon layya kuwa ba su yi ba a shekarar, balle a ajiye wutsiyarsa don miyar Cika-ciki kamar yadda aka saba. Zakara aka yanka. Ta yi tuwon sabuwar dawa da miyar taushe, ta yi dambu, ta kirɓa furar sabon gero.

Baƙin suka zo bayan la'asar. Bubayero ya tsaya a zaure wurin Arzika. Mata biyu suka shigo: tsohuwar, Iyatu, wadda kowa yake ce wa Dada, doguwa ce siririya mai tafiya a miƙe, da surukarta Adama, matar Bubayero.

"Maraba, Dada, sannunku da hanya," in ji Kubura, ta durƙusa.

"Yawwa, 'yar nan. Mun same ku lafiya?"

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi shanu, aka tambayi gona. Kubura ta san suruka ba ta cin abinci a gaban uwar miji, don haka ta shimfiɗa wa Adama tata tabarmar a gefe, kusa da randa. Dada ta zauna a babbar tabarma ta bi kayan da kallo ɗaya bayan ɗaya, faya-fayai da kabewa da gammon zangarniya, ta ce, "An yi aiki."

Sai idonta ya tsaya a kan ƙwaryar. Ta daɗe tana kallonta. Daga nan ta miƙa hannu ta zagaya bayanta, ta cusa yatsa ƙarƙashin zoɓon, ta sauke shi daidai kan ɗinkin da Kubura ta ɓoye, ba tare da ta leƙa ba. Ta bi ɗinkin da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa.

Kubura ta ji daɗi har cikin ranta. Mai ado ba abin da take so kamar a tsaya a kan abin da ta fi wahala a kai, kuma labarin ƙwaryar nan ta ba da shi a gidan suna da bakin rijiya ya fi a ƙirga, kullum ana yaba mata wayo.

"Aikinku ne, Dada," ta ce. "A kasuwar Jahun na same ta da bazarar nan, lokacin da abin ya yi tsanani. Na kai 'yar dusa, sai ga wata yarinya da goyo tana riƙe da ita. Ta ce in ba ta ma'auni guda, na ce rabi. Ta tsaya, ta tsaya, na ɗauki kayana kamar zan tashi, sai ta kira ni. Wallahi yau ko akuya aka ba ni ba zan bayar ba."

Dada ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Ta ce, "Kin yi ciniki."

Kubura ta buɗe akushi, turiri ya tashi. Ta zuba man shanu a miya, ta matso da ruwan wanke hannu, ta ce bismilla, sannan ta koma gefe don ta ba tsohuwa wuri. Dada ba ta taɓa ba. Wannan bai dami Kubura ba da farko, don ta san fulako, bafulatana tana iya kwana biyu ba ci ta ce maka yanzu ta tashi daga kan abinci. Ta roƙa sau ɗaya, ta roƙa sau biyu, ta canja mata tuwo da dambu. Dada ta ce alhamdu lillahi, ta ƙoshi. Tuwo ya yi ta hucewa a tsakiyar adon nan.

Da Kubura ta je randa ɗebo ruwa, sai ta ga ita ma Adama ba ta buɗe nata ba. Adama ta kama bakin zanenta ta jawo ta ƙasa, ta yi magana yadda tsohuwa ba za ta ji ba.

"Yaya, ƙwaryar nan ta Madina ce, 'yar autar Dada. Dada ce ta sassaƙa mata da hannunta lokacin aurenta, ita kuma ta ɗinke ta da ta tsage."

Kubura ta riƙe moɗa a hannu ta kasa nitsa ta.

"Da fari ya yi tsanani aka raba shanu," in ji Adama. "Su suka yi arewa, mu muka yi wajen Dutse. Nasu suka ƙare, mijin ya rasu. Aka ce mana ta taso da yaron tana nemanmu. Ba ta iso ba, kuma ba mu sami wanda ya gan ta ba, sai ke yau."

Abin da ya fara zuwa ran Kubura shi ne gona. Ta ce a ranta shi ke nan, shanu sun tafi wurin Ɗanmusa. Sai bayan haka yarinyar ta faɗo mata a rai, kuma ta ji kunyar yadda abubuwan biyu suka jeru a zuciyarta, kunyar da ta fi ta cinikin zafi.

Ta koma ta zauna. Ba ta iya ɗaukar ƙwarya ta ce Dada ga kayanki. Yin haka daidai yake da ta faɗa a fili cewa 'yar gidan Iyatu ta sayar da ƙwaryar aurenta a kan rabin ma'aunin dusa, kuma tsohuwar za ta ce ba ta san ta ba, ta tashi ta tafi. Ba ta kuma iya ba da haƙuri a kan abin da ba a ce ya faru ba. Aka ci gaba da hirar kara da harawa, muryar Arzika tana tasowa daga zaure yana dariyar da ta fi ƙarfin abin da aka faɗa.

Da rana ta sunkuya Dada ta ce za su koma, shanu na jira. Kubura ta ce a ɗan dakata mata. Ta durƙusa a gaban adon da ta kwana biyu tana haɗawa ta rushe shi. Ta kwashe auduga da barkono ta zube a tabarma, ta cire zoɓon, ta ɗauraye ƙwaryar ta goge. Ta jera curin fura a ciki, ta zuba dabinon a gefe, ta rufe da faifan da ya fi kyau.

"Dada, tunda kunya ta hana ku ci, ga wannan a dama a ruga."

Tsohuwar ta dubi ƙwaryar, ta dubi Kubura. "Mazubin fa?"

"A dawo da shi duk ran da aka sami hanya. Ba gaggawa."

Adama ta miƙo hannu za ta ɗauka, Dada ta riga ta. Ita ta ɗora a kanta ta fita, ba ta bari an taya ta ba.

Arzika ya shigo yana murna, ya ce Bubayero ya ci tuwo har ya yaba miya, ya kuma ce sai abin da Allah ya yi. Kubura ta gaya masa abin da ya faru, ba ta rage komai ba. Ya tsaya yana kallon gammon zangarniya da ramin da ƙwarya ta bari a tsakiyarsa. Bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya ce, "To, gonar ta tafi." Washegari ta gan shi ya fito da tsofaffin takalmansa na fata yana gyara musu maɗauri.

Kwanaki suka wuce. Aka ga shanun Bubayero suna shan ruwa a rijiyar Ɗanmusa, matar Ɗanmusa kuma ta fara gaida Kubura da fara'ar da ba ta saba ba. Kubura ta mayar wa yayarta zangarniyoyinta, ta yi miya da kabewar, barkonon ya shiga turmi. A jerenta wurin ƙwaryar ya zauna fili, ta ƙi matso da wata ta rufe shi. Abincin Arzika ma ta koma rufe shi da duk faifan da hannunta ya fara kaiwa.

Wata safiya tana tankaɗe ta ji sallama. Dada ce ita kaɗai, da ƙwaryar a kanta. Ta sauke ta buɗe faifai, kindirmo ne cike har baki, da curin man shanu yana yawo a sama.

"Ba a mayar da mazubi haka nan," in ji Dada. "Juye."

Kubura ta juye a tata ƙwaryar. Ta wanke ta Madina ta goge, ta tsaya da ita a hannu ba ta san inda za ta nufa ba, jere ko baƙuwa. Sai ta shiga ɗaki ta sako curin fura a ciki ta rufe, ta ajiye a gaban tsohuwar. Dada ta jawo ta kusa da ƙafarta. Ta zauna a bakin tabarma.

"Dusar nan da kika ba ta," ta ce, tana kallon ƙasa, "ta ci a gabanki?"

Kubura ta so ta ce e, ta ci ta ƙoshi, har ta yi godiya. Amma ta ga tsohuwar ba don a lallashe ta ta yi wannan tafiya ba.

"Ba ta ci ba, Dada. Ruwa ta roƙa, ta jiƙa kaɗan a tafin hannunta, ta sauko da yaron tana ba shi da yatsa. Ita ta kau da kai. Sauran ta ƙulle a bakin mayafinta."

"Yaron ya ci?"

"Ya ci. Har yana kama yatsan."

Dada ta gyaɗa kai. "Sai me?"

"Sai ta tambaye ni hanyar Dutse. Na nuna mata."

"Muna can a lokacin," in ji Dada. Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin inda aka yi kiwo bara. Ta goge fuskarta da tafin hannu sau ɗaya, ta ɗauki ƙwaryar ta ɗora a ka, ta miƙe da ƙyar.

"Na yau ya isa, 'yar nan. Ba na iya ɗaukarsa duka rana ɗaya. Gobe in na kawo nono ki gaya mini irin kitson da yake kanta, in san ko ta sami mai yi mata."

"Dada, daga ruga zuwa nan kullum? Ai da nisa."

"Ƙafata ba ta kai ni nesa yanzu. Na ce wa ɗan nan nawa ya matso da shanu bayan gidanku."

Ta fita. Ba a jima ba Kubura ta ji kukan shanu daga wajen jigawa, da ƙarar kara yana karyewa a ƙarƙashin kofato. Arzika ya shigo da gudu ba hula, yana cewa ta fito ta gani, sun shiga gonar, har an fara kafa turaku. Ya ce ashe dai adon nan nata bai tafi a banza ba, ya juya ya koma.

Kubura ba ta fita ba. Ta zauna a gaban rariya da garin da ba ta gama tankaɗewa ba, tana ƙoƙarin komawa kasuwar Jahun. Ta tuna inuwar da ta zauna, ta tuna ma'aunin, ta tuna yadda rana ta bugi gefen ƙwaryar har ta hango ɗinkin ta yi niyyar rage tayi saboda shi. Adon jikinta kuwa tana iya zana shi a ƙasa ido rufe. Ta nemi kan yarinyar, ta sake nema, ba ta same shi ba. Ranar nan ƙwaryar kawai ta kalla, ga shi kuma gobe da safe tsohuwa za ta zo ta tambaya.